Tufafin Tsohon Yayi da Kasuwannin da Suke Raya Su

A Turai da Amurka da Jafan akwai wani reshe na cinikin tufafi da ya dogara kacokan a kan kayan da aka ɗinka shekaru masu yawa da suka wuce. Masu sana'ar sun kasa tsofaffin kaya kashi-kashi. Tufar da ta haura shekara 100 ta shiga sahun kayan tarihi, adana ta ake yi, ba a cika sa ta ba. Wadda shekarunta suka kama daga 20 zuwa 100, kuma yankanta da ɗinkinta suke nuna zamanin da aka yi ta, ita ce ta tsohon yayi, ita ce kuma ake rububinta. Sai sabon ɗinki da aka yi a salon da, kamar rigar da aka ɗinka bana amma aka kwaikwayi yankan 1955. Abin da bai kai shekara 20 ba kuwa gwanjo ne, komai kyansa. Wannan rabe-raben ne ke yanke farashi, shi ya sa rigar da aka zaƙulo daga cikin tsummokara takan fi sabuwa dal tsada idan ta faɗa hannun wanda ya san ta.

Talauci ne ya haifi kasuwannin da ake wannan ciniki. A ƙarni na 19 birnin Faris yana cike da masu bin lungu cikin dare suna tsintar tsumma da ƙarafa, wato 'yan jari-bola na wancan zamani. Hukuma ta yi ta tura su wajen gari, sannan a farkon shekarun 1880 shugaban mulkin birnin, Eugène Poubelle, ya wajabta wa masu gidaje zuba shara a mazubi mai murfi, abin da ya ƙara ƙuntata musu. Suka tare a bayan ganuwar arewa, a garin Saint-Ouen, suna baje abin da suka tsinto a ƙasa. Daga 1885 ake ƙirga shekarun kasuwar a hukumance. A yau ta mamaye kimanin hekta 7, ta kuma rarrabu zuwa ƙananan kasuwanni fiye da goma, daga Vernaison mai ƙananan lunguna wadda aka buɗe a 1920 zuwa Dauphine ta 1991. Tana ci Asabar da Lahadi da Litinin.

Ta birnin Lille, a arewacin Faransa, ta girme ta nesa ba kusa ba. An ambaci taron kasuwar garin a rubuce tun 1127, kuma a ƙarni na 16 aka ba barorin gidajen attajirai izinin su fito da tsofaffin tufafin iyayen gidansu su sayar sau ɗaya a shekara. Har yanzu haka take, sau ɗaya a shekara, galibi a ƙarshen makon farko na watan Satumba. Mazauna gari suna fito da abin da ke cikin ɗakunan ajiyarsu su jera a ƙofar gida kafaɗa da kafaɗa da ƙwararrun dillalai, mahalarta kuma sukan kai miliyan 2.

Duk tsawon wannan lokaci sa tufar wani alama ce ta rashi. Abin ya juya ne a Landan a shekarun 1960, kuma titin Portobello da ke unguwar Notting Hill yana da babban kaso a ciki. A tsakiyar shekarun aka buɗe wani shago a titin mai suna I Was Lord Kitchener's Valet, yana sayar da tsofaffin kakin sojan Birtaniya masu jan launi da igiyoyin ado da maɓallan tagulla. Mawaƙa irin su Mick Jagger da Jimi Hendrix suka saya suka hau dandamali da su, samari suka bi sahu. Waɗanda iyayensu suka sha wuyar rabon tufafi da kati a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suke kuma ganin sabon kaya shi ne mutunci, su ne suka mayar da tsohon kaya abin ƙawa. Portobello ta fi cika ranar Asabar, masu tufafi kuma sun fi yawa a ɓangaren arewa, ƙarƙashin gadar sama ta Westway. Daga titi abin ya hau har manyan bukukuwa: a 2001 Julia Roberts ta karɓi kyautar Oscar sanye da doguwar rigar Valentino ta 1992.

Ban da kasuwannin mako-mako, akwai bukukuwan baje-koli inda sa kayan ya fi sayensu muhimmanci. Fitacce a ciki shi ne na Goodwood, a kudancin Ingila, wanda ake yi kwana uku a watan Satumba tun 1998. Asalinsa tseren tsofaffin motoci ne a filin da ya yi aiki daga 1948 zuwa 1966, amma yawancin 'yan kallo sukan zo cikin shigar waɗannan shekaru, maza da kwat na ulu da hula, mata da faffaɗan siket da safar hannu. A Amurka kuwa, kasuwar filin wasa na Rose Bowl a Pasadena, jihar Kalifoniya, tana ci ranar Lahadi ta biyu a kowane wata tun 1968, da masu baje kaya kusan 2,500. 'Yan kasuwar Jafan sun daɗe suna zuwa can su kwashi tsofaffin wandunan jins da rigunan leburori, su kai shagunan unguwanni irin su Shimokitazawa a Tokyo.

Masu sha'awar waɗannan kaya suna kawo dalilai iri-iri. Wasu ba sa son su haɗu da mai irin rigarsu a hanya. Wasu sun juya wa kayan kamfanonin ɗinkin gaggawa baya, musamman bayan rushewar ginin Rana Plaza a Bangaladash a watan Afrilun 2013, inda ma'aikatan ɗinki fiye da 1,100 suka rasu. Mafi yawa kuma suna cewa kayan da sun fi ƙarko. Akwai gaskiya a wannan, domin telolin da suna barin yadi a cikin kalmasa yadda za a iya buɗa riga ko a rage ta, suna kuma sa shafi mai kyau. Sai dai a tuna cewa marasa ƙarkon cikinsu sun daɗe da zama tsumma. Abin da ya kai shekara 60 yana rataye a kasuwa zaɓaɓɓe ne tun asali.

Daɗin wannan harka yana wajen karanta shekarun tufa, kuma ilimi ne da ba ya samuwa sai da taɓawa da juya riga ciki-waje. Mai saye na farawa ne da ɗan ƙyallen tambarin da ke wuya. A Birtaniya, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta ƙayyade yawan yadi da aljihu da maɓallan da za a sa wa tufafin talakawa, daga 1941 zuwa 1952 kuma aka riƙa buga musu alamar CC41. Duk rigar da ke ɗauke da ita ta faɗi shekarunta da bakinta: galibi matsattsiya ce, kafaɗa a miƙe, ba ɓarnar yadi. Da aka gama yaƙi, a watan Fabrairun 1947, Christian Dior ya fito da siririn ƙugu da siket mai cin yadi mai yawa, salon da ya mamaye shekarun 1950. Alamar nan mai lanƙwasassun layuka da ke shaida ulu tsantsa ba ta fito ba sai 1964, don haka kwat ɗin da ke ɗauke da ita bai girmi wannan shekara ba. A Amurka sai a 1972 doka ta tilasta liƙa umarnin wanki a jikin tufa. Rigar kamfani ta Amurka da ba ta da shi, kuma ba a ga alamar an yanke ba, akwai kyakkyawan zaton ta riga dokar.

Bayan tambari sai zif. Na ƙarfe, musamman wanda aka sa a gefen riga, ya fi yawa kafin tsakiyar shekarun 1960; daga nan na roba ya karɓe kasuwa, ya koma tsakiyar baya. Rigunan ti-shat na Amurka kafin tsakiyar shekarun 1990 yawanci layin ɗinki ɗaya ne a bakin hannu da gindi, na baya kuma biyu. Masu jins sun fi kowa bin diddigi. Ɗan jan ƙyallen da ke aljihun baya na wandon Levi's, kafin 1971 duk haruffansa manya ne; daga shekarar aka mayar da harafin E ƙarami, kuma wannan harafi guda yana iya ninka kuɗin wando sau da yawa. A 2022 an yi gwanjon wani wandon kamfanin na shekarun 1880, wanda aka tsinta a tsohon ramin haƙar ma'adinai, a kan dala 87,400. Alama ɗaya ba ta isa hujja ba, tun da ana canza zif, ana kuma buga tambarin jabu a ɗinka wa sabon kaya. Sai yadi da ɗinki da tambari sun yi magana ɗaya ake gaskatawa.

Lokacin zuwa kasuwa ya danganta da abin da ake nema. Dillalai da asuba suke sammako da tocila, har ma a Rose Bowl kuɗin shiga na sassafe ya fi na hantsi tsada, saboda kaya mai kyau ba ya kai azahar. Mai neman sauƙi kuma yamma ce tasa, lokacin da mai kaya ba ya son ya sake loda su a mota. Lambar girman da ke jikin tsohuwar riga ba abin dogaro ba ce, domin kamfanoni sun yi ta sauya ma'auni, kuma wurin gwaji ba ko'ina ake samu ba. Gara mutum ya san awon ƙirjinsa da ƙugunsa da kafaɗarsa, ya riƙe tef a aljihu. Ana ɗaga tufa a hasken rana don ganin hujin asu, a duba hammata da wuya da tsakanin cinya. Ɓallen maɓalli ko warwarar kalmasa aikin minti kaɗan ne ga tela. Tabon gumi da ya shekara, da silikin da ya fara tsagewa da kansa, waɗannan ba su da magani. Ana tayi, amma ragin ba ya da yawa, kuma wanda ya taya rabin kuɗi yakan ɓata wa mai kaya rai. Mai kayan da ya ga an san darajar abin da yake sayarwa ya fi saurin sallamawa, sau da yawa ma ya ƙara da labarin inda rigar ta fito.

Wannan ciniki yana da alaƙa ta kai tsaye da gwanjon da ake sayarwa a Afirka ta Yamma, domin tushensu ɗaya. Tufafin da mutane ke bayarwa sadaka a Turai da Amurka, kaɗan ne ake sayarwa a shagunan ƙungiyoyin agaji. Saura kamfanonin tantancewa ke saya, kuma abin da suke fara tsamewa shi ne kayan tsohon yayi, su sayar wa dillalan can da tsada. Ragowar ake ɗaurewa dila-dila a turo. Kasuwar Kantamanto ta Akra kaɗai an ƙiyasta tana karɓar tufafi kusan miliyan 15 a mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa, nauyin da ya faɗa kan garin da bai jawo shi ba. Duk da tantancewar, wasu kayan masu daraja suna kuɓucewa su shigo cikin dila. A kasuwa irin ta Ƙofar Wambai a Kano, idan aka fasa dila, wanda ya fi kama da sabo shi ake yi wa kuɗi, don haka jaket ɗin shekarun 1970 yana iya tafiya a araha saboda an ga tsohon yayi ne.

Ƙasar Hausa tana da nata tsofaffin tufafin, kuma ƙimarsu ba ta gaza ta na Turai ba. Akwai babbar riga ta saƙi, mai zanen jikin zabuwa, wadda aka haɗa da siraran ƙyallayen saƙar hannu. Akwai ta tsamiya, mai launin ƙasa, da ta barage mai jan alharini wanda a da fatake ke ketowa da shi ta Sahara. Aikin allura irin aska biyu da aska takwas yakan ci watanni a hannun maɗinki, kuma mai ido yana bambance shi da na keke ta bayan yadi, inda zaren hannu ba ya tafiya daidai-wa-daida. Lokacin da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, saƙa da rini ne ya tarar suna riƙe da arzikin birnin. Irin waɗannan riguna suna cikin gidan tarihi na Birtaniya a Landan, dillalan ƙasashen waje kuma suna nemansu. A gida an fi ganinsu ranar hawan salla a jikin hakimai da 'yan rakiyarsu, wasu kuma sukan ɓulla a Kasuwar Kurmi idan magada suka fitar. Ta ɓangaren mata, tsofaffin atamfofin Holan da na masaƙun Kaduna suna kwance a adakar iyaye da kakanni, dillaliya ce kan fito da su gida-gida.

Adana su yana da ƙa'ida. Rigar saƙi ko ta tsamiya ba a sa ta a injin wanki, ba a kuma rataye ta tsawon lokaci, don nauyin aikin da ke gabanta yana jan kafaɗa har ta yage. Ninke ta ake yi a cikin farin ƙyallen auduga, ba a cikin leda ba, a riƙa sauya wurin ninkin don kada zare ya karye a layi ɗaya. Ana shanya ta a inuwa bayan damina, a sa kafur kusa da ita ba tare da ya taɓa yadin ba. Mai rinin shuɗi ana ware ta daga fararen kaya saboda baba yana zuba, idan kuma sheƙinta ya dushe, masu bugu ake kai wa, ba mai guga ba.