Jami'ar da Ta Juya wa Unguwa Baya, Sannan Ta Waiwayo

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka, zuwa wata unguwa da ke hayin kogin Schuylkill, daura da tsakiyar gari. A nan Jami'ar Fensilbaniya take, wadda mutanen can ke kira Penn a taƙaice. Sau biyu wannan jami'a ta zauna da masu zanen gine-gine da masu tsara birni da niyyar gyara unguwar da ke kewaye da ita. Na farkon ya ƙare da rusau. Na biyun kuwa har gobe ana kai wa ana komowa a kansa, wasu na yabo, wasu na tsaki.

(Kiɗa)

Jami'ar tsohuwa ce, tana danganta kafuwarta da Benjamin Franklin. A 1872 ta tattara nata ya nata ta bar tsakiyar gari ta ƙetara kogi zuwa yamma, inda a lokacin bayan gari ne. Ba a jima ba gari ya biyo ta. Aka jera gidajen jan bulo masu hawa biyu da uku, kafaɗa da kafaɗa, kusan kowanne da baranda mai kallon titi. Ku riƙe maganar barandar nan. Aikin da dakali ke yi a ƙofar gidajenmu shi take yi a can: mutum ya zauna da yamma yana shan iska, ya ga mai shiga layi da mai fita, ɗan maƙwabci ya yi ba daidai ba ya tsawatar masa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa suka sauya. Turawa masu hali suka riƙa ƙaura zuwa sababbin unguwannin bayan gari, baƙaƙen fata da suka taso daga kudancin ƙasar neman aiki suka ƙaru, bankuna kuma suka ɗaure bakin jaka, ba sa ba da rancen sayen gida ko gyaransa a irin waɗannan unguwanni. Gidan da ba a gyarawa kuwa an san makomarsa. A 1958 wasu samari suka kashe wani ɗalibi ɗan Koriya kusa da harabar jami'ar, hankalin hukumomi ya tashi. Shekara na zagayowa, Penn da maƙwabciyarta makarantar Drexel da wasu cibiyoyin yankin suka kafa wani kamfanin raya unguwa mai suna West Philadelphia Corporation.

A wancan zamani akwai dokar gidaje ta 1949 da ta ba birane kuɗin tarayya su share duk unguwar da aka yi wa hukuncin cewa ta lalace. Hukuncin ya faɗa kan Black Bottom, unguwar talakawa da galibinsu baƙaƙen fata ne, a gefen Titin Market. Masu taswira sun ga tsofaffin gine-gine da cunkoso. Mazauna kuwa sun ga coci-cocinsu, da shagon aski, da mai kantin da ke ba su bashi zuwa ƙarshen wata. Kafin shekarun 1960 su ƙare katafila ta bi ta kan unguwar domin a gina cibiyar binciken kimiyya. Lissafin hukuma ya ce mutum fiye da 2,600 aka tasa, tsofaffin mazauna kuma suna cewa adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba. A watan Fabrairun 1969 ɗaliban jami'ar da kansu suka mamaye ginin shugabanni, College Hall, suka yi zaman dirshan na kwana shida don nuna ƙin amincewa. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

To, me aka gina a wannan zamanin? Nan ne ya kamata duk mai sha'awar zanen gini ya kasa kunne. An rufe Titin Locust ga motoci, aka mayar da shi hanyar ƙafa mai bishiyoyi da shimfiɗar bulo, kuma gaskiya ya yi kyau, har yau shi ne abin alfaharin harabar. Sai dai gine-ginen da aka jera a gefensa duk ciki suka fuskanta. Babbar ƙofa, da tagogi, da kujerun zama, duk suna kallon 'yan jami'a. Abin da ya rage wa Titin Walnut, inda mutanen gari ke bi, shi ne ƙeya: dogon bango ba taga, ƙofar sauke kaya, wurin tara shara, filin ajiye motoci. A yamma kuma aka share layuka aka kafa dogayen benaye uku na kwanan ɗalibai a tsakiyar wani fili fetal da iska ke kaɗawa kamar za ta ɗauke mutum. Ba a yi katanga ba, amma ginin da kansa ya faɗa wa mutumin unguwa cewa ba a gayyace shi ba.

Abin mamaki, tun 1961 wata marubuciya a Niyok, Jane Jacobs, ta riga ta yi gargaɗi. Hujjarta mai sauƙi ce: abin da ke tsare titi shi ne mutanen da ke kallonsa daga shaguna da tagogi da barandu, dare da rana. Idan ka kawar da su ka sa bango, ka ba ɓarawo filin aiki. Masu manyan taswirori na lokacin ba su ɗauke ta da wani nauyi ba.

(Kiɗa)

Shekara talatin bayan haka maganarta ta tabbata a ƙofar Penn. Farkon shekarun 1990 ya iske Filadelfiya cikin talauci da annobar hodar ibilis. A 1994 aka harbe wani ɗalibin digiri na uku a unguwar. A daren 31 ga Oktoban 1996 aka daɓa wa wani mai bincike na jami'ar wuƙa har lahira yana hanyar komawa gida. Iyaye suka yi ca a kan shugabanni, wasu na barazanar kwashe 'ya'yansu.

Shugabar jami'ar a lokacin ita ce Judith Rodin, wadda ta karɓi ragama a 1994. 'Yar Filadelfiya ce, a Penn ɗin ta yi digirinta na farko. Hanya mafi sauƙi a gabanta ita ce ta ƙara 'yan sanda ta ja shinge. 'Yan sandan kam an ƙara. Amma ta yi la'akari da cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa bai isa ba matuƙar rufinku ɗaya. Sai jami'ar ta fito da kuɗinta ta shiga unguwa.

Aka fara da fitila. Aka ce wa masu gidaje su sa fitilu a ƙofofinsu da bakin hanya, za a biya musu rabin kuɗin, da sharaɗin layi ya haɗa kai. Ƙaramin abu ne, amma ya tilasta wa maƙwabtan da ba sa ko gaisawa su ƙwanƙwasa wa juna ƙofa. A 1997 aka kafa hukumar University City District, ta ɗauki masu shara da masu sintiri marasa makami, a ƙafa da kan keke, waɗanda za su raka mutum gida da dare idan ya nema.

Daga nan aka koma kan ƙeyar nan ta Titin Walnut. A kusurwar Layi na 36 akwai wani makeken filin ajiye motoci. A kansa aka gina babban kantin littattafai da otel da jerin shaguna, aka buɗe su a ƙarshen shekarun 1990. Ku tsaya a bakin titin ku duba yadda aka tsara shi: ginin ya zo har gefen hanyar masu tafiya a ƙafa, hawan ƙasa gilashi ne daga wannan kusurwa zuwa waccan, ƙofofi a jere kusa da kusa, haske na zubowa waje bayan magariba. A Layi na 40, wanda ɗalibai suka daɗe suna ɗauka iyakar da ba a tsallakewa, aka gina babban kantin kayan abinci a 2001, aka ɗora wurin ajiye motoci a samansa maimakon a shimfiɗe shi a gabansa, sinima kuma ta biyo baya. Ga wanda ya taka wasu layuka gaba a Titin Walnut ɗin, akwai Masallacin Al-Jamia a cikin wata tsohuwar sinima, inda 'yan Afirka ta Yamma da Larabawa da Amurkawa ke haɗuwa ranar Juma'a. Wannan ba ya cikin taswirar kowa, amma shi ma yana cika titi da jama'a.

Sai batun gidaje. Jami'ar ta ce duk ma'aikacinta da ya sayi gida a unguwar za ta tallafa masa da dala 15,000, ta kuma sayi wasu kangaye ta gyara ta sayar. Malamai da likitoci suka fara dawowa layukan da iyayensu suka guje wa.

Amma a ganina, masu sauraro, duk cikin wannan shiri babu abin da ya kai makarantar firamare tasiri. Malamin jami'a ba zai zauna a unguwar da ba shi da inda zai kai ɗansa ba. Don haka Penn ta haɗa kai da hukumar makarantun birni da ƙungiyar malamai, aka buɗe makarantar gwamnati a 2001, aka sa mata sunan Sadie Tanner Mossell Alexander, baƙar fata mace ta farko da ta yi digiri na uku a fannin tattalin arziki a Amurka, a Penn ɗin, a 1921. Jami'ar ta ba da fili, ta kuma yi alkawarin ƙara dala 1,000 a kan kowane yaro duk shekara. Makarantar ta yi fice nan da nan.

A Amurka kuwa makarantar gwamnati tana da iyaka a taswira. Idan gidanka na cikin layin, ɗanka na da hakkin shiga. Idan ya fita ko da taku ɗaya ne, sai dai ka nemi wata. Wannan siririn layi da aka ja da alƙalami ya yi abin da bulo da siminti ba su yi ba. Dillalai suka fara rubuta sunan makarantar a tallan gida kafin su faɗi yawan ɗakuna. Gida biyu iri ɗaya, titi kawai ya raba su, farashinsu ya yi hannun riga. Mai gidansa ya ga dukiyarsa ta ninka, amma haraji ya bi shi. Ɗan haya kuwa, wanda galibi shi ne baƙin fatar da ya sha wuyar shekarun 1990 a wurin, sai ya tattara ya matsa can yamma. Kason yaran baƙaƙen fata a makarantar da ke ɗauke da sunan Sadie Alexander ya yi ta raguwa.

A watan Janairun 2013 abin ya kai inda gurabe suka yi kaɗan a makarantar, iyaye suka fara kafa layi tun ranar Juma'a domin rajistar 'yan ajin farko da za a yi ranar Talata. Ga tsananin hunturu, ga mutane a bakin hanya da kujeru da barguna da tantuna, suna shirin kwana huɗu a waje. Hukumar makarantu ta ga abin ya wuce gona da iri, ta soke layin jiran ta ce ƙuri'a za a jefa. Wanda ya ci bashi ya sayi gida don makarantar ya tashi da zullumi, balle wanda tun farko bai da kuɗin shiga layin taswirar.

Kada mu yi wa Rodin rashin adalci. Laifuka sun ragu, tituna sun cika, ba a kuma kawo katafila ta tashi kowa ba a wannan karon. Jami'o'i da dama a Amurka sun zo sun kwaikwayi salon, ita ma ta rubuta littafi a kai a 2007. Inda nake ganin shirin ya gaza shi ne an zana inda fitila za ta tsaya da inda ƙofa za ta fuskanta dalla-dalla, amma ba a tanadi isassun gidaje masu rahusa da za su riƙe talaka ba tun ƙasa na da arha. Lokacin da aka farga, farashi ya riga ya tashi.

Akwai kuma zancen haraji. Penn na cikin manyan masu filaye a birnin, amma da yake ba cibiyar neman riba ba ce, ba ta biyan harajin fili a kan mafi yawansu, alhali da wannan harajin ake ɗaukar nauyin makarantun gwamnati. Bayan matsin lamba daga malamanta da ɗalibanta, a watan Nuwamban 2020 ta yi alkawarin dala miliyan 100 cikin shekara goma domin kawar da gubar dalma da asbesto daga tsofaffin makarantun birni.

A kusurwar Layi na 40 da Titin Market, a bakin tsohuwar Black Bottom, akwai wasu gidaje 70 na masu ƙaramin ƙarfi da aka gina a farkon shekarun 1980 da tallafin gwamnatin tarayya. Ba na jami'ar ba ne, na wani kamfani ne. A 2021 kamfanin ya ce ba zai sabunta yarjejeniyar tallafin ba, zai sayar da filin, domin kamfanonin binciken magunguna na rububin yankin. Mazauna da ɗalibai suka kafa tantuna a harabar gidajen a 2022, suka kai zanga-zanga har cikin bukukuwan jami'ar. A 2023 aka yi sulhu: birni ya karɓi wani yanki na filin domin gina sababbin gidaje masu rahusa, aka ware wa mazauna kuɗin sallama, su kuma suka kwashe kayansu suka watse cikin gari.

A nan za mu dakata.