Argungu: Garin Kanta Kafin Su Da Bayan Su

Da wuya a ambaci Argungu a gaban ɗan bokon Arewa, hoton da zai faɗo masa a rai ya wuce guda ɗaya: dubban masunta sun kwaso a guje, kowa riƙe da homa da gora, sun afka cikin ruwan Matan Fada, makaɗa na biye da su a kwale-kwale. Wannan hoto gaskiya ne, kuma abin alfahari ne gare mu baki ɗaya. Sai dai ya kamata mu tuna cewa gasar da ake ɗaukar wannan hoto a cikinta ba ta wuce kimanin sa'a guda, bikin kansa kuma kwana huɗu ne. Idan aka naɗe rumfuna, manyan baƙi suka kama hanyar filin jirgin sama na Birnin Kebbi, garin yana nan daram da koginsa da fadamarsa da gidan tarihinsa da mutanensa, har tsawon sauran kwanakin shekara. A kan waɗannan kwanaki nake son mu tattauna a wannan fili, domin a nawa ganin, a cikinsu ne makomar bikin kansa take.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Argungu tana cikin Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Tana bakin Gulbin Kabi, kimanin kilomita 100 kudu maso yamma da birnin Sakkwato, kuma tafiyar da ba ta wuce sa'a guda ba a mota daga Birnin Kebbi. Ita ce mazaunin Sarkin Kabi, sarautar da Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera ya hau a 1996, kuma masarautar ta haɗa ƙananan hukumomin Argungu da Augie da Arewa da Dandi. Kyawun garin yana cikin shimfiɗar ƙasarsa ne. Wanda ya tsaya a bakin gulbi da sanyin safiya a watannin hunturu zai ga fadama shar da shinkafa iya ganinsa, hazo ya kwanta a kan ruwa, balbelu da zalɓe na kiwo a gefe, masu kwale-kwale na ƙetarar da manoma zuwa gonakinsu. Wannan kallo ba ya bukatar katin gayyata, kuma babu watan da ake rufe shi.

Wuri na farko da ya kamata baƙo ya nufa shi ne Gidan Tarihin Kanta. Ginin tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce ta ƙarni na 19, wadda aka zauna a cikinta har zuwa 1942 lokacin da aka koma sabuwar fada, sannan aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1958, wato tun kafin Nijeriya ta sami 'yancin kai. An raba shi sassa-sassa, inda aka ajiye masu da takubba da baka da kibau da tambura da layun yaƙi da kayan su na dauri, kuma a harabarsa ne kaburburan wasu sarakunan Kabi suke. Sunan da gidan yake ɗauke da shi na Muhammadu Kanta ne, jarumin da ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya Muhammadu na Songhai. Wanda ya zagaya waɗannan ɗakuna a natse, tare da mai yi masa bayani, zai fita da fahimtar cewa Kabawa mayaƙa ne masu daula kafin duniya ta san su da kamun kifi.

Wannan fahimta kuwa ita ce mabuɗin gane bikin. Kanta ya gina birninsa a Surame, inda har yau ake ganin ragowar ganuwarsa ta dutse a cikin Jihar Sakkwato, kuma tun 2007 wurin yake cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa Hukumar UNESCO domin a duba yiwuwar sanya su cikin kayan tarihin duniya. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, wanda mujahidai suka ci a 1805. Bayan haka ne Kabawa suka kafu a Argungu, suka kuma shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna fafatawa da Sakkwato da Gwandu. Saboda haka, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu a 1934, aka shirya masa gagarumin su domin girmamawa, ba ƙaramin al'amari ne ya faru ba. Gidaje biyu da suka daɗe da gaba ne suka zauna a inuwa ɗaya suna kallon ruwa ɗaya. Daga wannan ziyara ake ƙirga tarihin bikin da muka sani a yau, kuma a wannan zamani da Arewa ke fama da rarrabuwar kai, darasin sulhun da ke cikinsa ya fi nauyin kowane kifi da aka taɓa ɗorawa a sikeli.

Shi kansa bikin, wanda akan yi tsakanin watan Fabrairu da Maris bayan an kammala girbi, ya fi ƙarfin ranar su kaɗai. Akwai baje kolin amfanin gona da kokawa da dambe da hawan dawaki da kaɗe-kaɗen gargajiya. Akwai kuma wasannin ruwa da ake kira kabanci, waɗanda suka ƙunshi tseren kwale-kwale da nutso da iyo da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. A ranar ƙarshe ne ake buga bindiga, masunta su faɗa ruwa da kayan gargajiya zalla. A bikin 2020, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. A 2016 kuma Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun ɗan Adam da ake gada ta hanyar baki da aiki, waɗanda ya wajaba a kiyaye.

To, a nan ne nake son mai karatu ya ɗan dakata. Abin da UNESCO ta karrama ilimi ne da ke cikin kawunan mutane da bakunansu. Girman kifin Matan Fada ya samo asali ne daga dokar da ta hana su a wannan yanki na gulbi a sauran watannin shekara, dokar da Sarkin Ruwa da Homa, shugaban masunta, suke tsarewa a madadin sarki. Tun kafin 1934 Kabawa suna da al'adunsu na gyaran ruwa da fashin ruwa, waɗanda suke tsara lokacin da za a shiga ruwa da lokacin da za a ƙyale kifi ya hayayyafa. Abin da masana muhalli ke rubuta littattafai a kansa a yau da sunan kiyaye albarkatun ruwa, waɗannan bayin Allah sun daɗe suna aiki da shi ba tare da allo ko alli ba. Baƙon da ya zo a watan Nuwamba ko Disamba, lokacin da babu cunkoso, shi ne zai sami sararin zama da dattawan masunta ya ji wannan daga bakinsu. Ranar biki kuwa kowa ta kansa yake yi.

A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, abin da ya fi jan hankalina a Argungu shi ne maganar mutanenta. Kalmar kabanci da na ambata a sama tana da fuska biyu: ita ce sunan wasannin ruwa, ita ce kuma sunan karin harshen Kabawa, wanda yake cikin rukunin Hausar yamma tare da Sakkwatanci da Zamfarci da Arauci. A kasuwar garin mutum zai ji ana cewa munka da sunka inda Bakano zai ce muka da suka, ana cewa hwada maimakon fada, ana cewa yaz zo inda daidaitacciyar Hausa ke da ya zo. Masana tarihin harshe sun nuna cewa da yawa daga cikin waɗannan siffofi sun fi na Hausar gabas tsufa, don haka wanda yake yi musu dariya yana yi wa kakannin harshensa dariya ne. Ko sunan garin ma akwai hira a kansa, domin mutanen wurin kan ce ya fito ne daga kiran a yi gungu, wato a taru wuri ɗaya, alhali kuma gungu a Hausar bakin gulbi na nufin tsibiri. Kazalika sunan Sarkawa, masuntan da suka shahara a wannan yanki, masana da dama na danganta shi da Sorko na ƙasar Songhai, abin da ke nuna daɗaɗɗiyar cuɗanya ta hanyar kogin Kwara, wadda har yau ake jin amonta a Zabarmanci da Dandancin da ake yi a yammacin masarautar.

Akwai wani ɗan gwaji da nakan yi wa ɗalibaina a aji. Nakan ce kowa ya rubuta sunayen kifayen da ya sani da Hausa. Mafi yawansu daga tarwaɗa sai karfasa, mai ƙoƙari ya ƙara da giwan ruwa, daga nan alƙalami ya tsaya. Masuncin Argungu kuwa zai jero maka kurungu da ragon ruwa da gaiwa da kawara da rajiya da wasu da dama, ya gaya maka inda kowanne yake kwana, da abin da yake ci, da watan da yake ƙwai. Kowace kalma daga cikin waɗannan ma'ajiya ce ta sani. Ranar da aka rasa mai faɗinta, sanin ya tafi tare da ita, kuma babu kasafin kuɗin da zai dawo da shi.

Wannan fargaba tana da dalili. Bayan bikin 2009, an shafe shekara 10 ba a sake yin sa ba, sai a watan Maris na 2020, kuma ko bayan nan bai koma na kowace shekara nan take ba. Yaron da yake ɗan shekara 8 a 2009 ya zama saurayi bai taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ya ga yadda mahaifinsa ke sarrafa homa a cikin taro ba. Bugu da ƙari, shi kansa gulbin ya sauya hali tun bayan gina madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a farkon shekarun 1980, domin yawan ruwan da ke isowa Argungu da rani ya dogara ƙwarai da abin da aka saki daga sama. Ga kuma matsalar tsaro, wadda harin da aka kai ƙauyen Mera na ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024 ya nuna cewa ta iso ƙofar masarautar. Garin da ya jingina arzikin baƙuncinsa a kan kwana huɗu, duk shekarar da ɗaya daga cikin waɗannan ya gitta, ya yi asarar shekarar ɗungurungum.

Abin farin ciki shi ne Argungu tana da abin nunawa a kowane lokaci. Noman shinkafa ya bunƙasa a yankin, musamman bayan ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a 2015, da buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017. Mai sha'awar harkar noma zai iya kwana biyu yana zagaya fadama yana ganin yadda ake dashe da ban ruwa da rani. Mai iyali zai iya ɗaukar hayar kwale-kwale da yamma ya zaga da 'ya'yansa, su ga inda ake bandar kifi, su ci tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi a inda aka noma ɗaya aka kamo ɗaya. Mai sha'awar tarihi, bayan Gidan Kanta, zai iya neman ja-gora zuwa Surame idan hanya ta yi kyau. Shawarata ga kowa ita ce ya tuntuɓi mutanen gari game da lafiyar hanya kafin ya tashi, ya yi tafiyarsa da rana, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutane, kuma ya girmama dokar ruwa, domin kifi na ganinka, mai jar koma.

Saura kuma namu nauyin, mu da Allah Ya hore wa ilimi da ɗan abin hannu. Da yawa daga cikinmu sun san titunan Dubai da na Alƙahira fiye da hanyar Sakkwato zuwa Argungu, 'ya'yanmu kuma sun san sunayen kifayen teku daga talabijin ba su san giwan ruwa ba. Ina kira ga sassan nazarin harsuna da tarihi na jami'o'inmu, musamman na Sakkwato da Birnin Kebbi da suke maƙwabtaka da wurin, da su tura ɗalibai su naɗi maganar dattawan masunta, a tattara kalmomin su da na kabanci cikin ƙamus guda tun masu su na raye. Ina kira ga makarantun sakandare masu zaman kansu, waɗanda suke karɓar kuɗin yawon buɗe ido daga iyaye, da su sanya Argungu cikin jadawalinsu. Ita kuma gwamnatin jiha da masarauta, ya dace a horar da matasan gari aikin ja-gorar baƙi, a kula da masaukai a duk tsawon shekara, a kuma tsayar da ranar biki tun da wuri a riƙa cika ta, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Hutun ƙarshen shekara yana faɗowa ne daidai lokacin da fadamar Kabi ta fi kyau, ruwa ya lafa, zafi ya sauka. Duk wanda ya ɗauki iyalinsa ya kwana biyu a garin Kanta a wannan lokaci, kuɗin da zai kashe zai shiga aljihun mai kwale-kwale da mai bandar kifi da mai masauki, waɗanda su ne ke riƙe da wannan gado tsakanin biki da biki. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya albarkaci ruwan Kabi da mutanen da ke ci daga gare shi, amin.