Yadda ake harhaɗa laburaren manhaja daga tushe a Ubuntu, don masu gyaran waya

Matasanmu da dama a nan Kudu sun rungumi gyaran waya, tun daga Computer Village ta Ikeja har unguwannin Sabo. Tambayar da abokan sana'a suka fi yi min ita ce: "Na sa Ubuntu a kwamfuta, na sauke libimobiledevice, amma sabuwar iPhone ta ƙi magana da ita. Me ya jawo?" Sau da yawa amsar ita ce laburaren ya tsufa, sai an harhaɗa sabo daga tushe.

Laburare dai wani ɓangaren manhaja ne da wasu manhajoji ke jingina da shi. Shi libimobiledevice aikinsa ya sa kwamfutar Linux ta fahimci iPhone, har ka iya kwafe duk abin da ke ciki ka adana kafin ka taɓa wayar. Matsalar ita ce Apple na fitar da sabon iOS kowace shekara, ita kuwa Ubuntu mai dogon zango shekara biyu-biyu take fitowa, kamar 22.04 da 24.04. Abin da ke rumbunta sai ya zama a baya.

Ni ɗan mai fataucin shanu ne, don haka ga yadda nake fahimtar abin. Manhajar da ka sauke da apt kamar nama ne da mahauci ya riga ya yanka ya kasa, yadda ya ga dama haka za ka saya. Rubutun tushe kuwa saniya ce a tsaye. Ka samu sabuwa fil, amma yanka da fiɗa suna wuyanka. Wuƙar ita ce GCC, wadda Richard Stallman ya fitar a 1987. Ita ke juya rubutun harshen C da ɗan Adam ya rubuta zuwa abin da na'ura ke ganewa.

Da farko buɗe Terminal ka tara kayan aiki:

sudo apt install build-essential git pkg-config autoconf automake libtool-bin libssl-dev libcurl4-openssl-dev usbmuxd

Ka lura da masu "-dev" a ƙarshe. Su ne ke gaya wa GCC abin da ke cikin wani laburare. In babu su, aikin zai tsaya ko da laburaren kansa yana kwamfutar. Nan ne mutane suka fi maƙalewa.

Na biyu, bi jeri, domin kowane yana dogara da na gabansa: libplist, sai libimobiledevice-glue, sai libusbmuxd, sai libtatsu, sannan libimobiledevice. Ka ɗauko kowane da git clone daga shafin masu aikin na GitHub, ka shiga foldarsa da cd, ka ba da umarni huɗu.

./autogen.sh yana duba kwamfutarka ko akwai duk abin da ake buƙata. In ya tsaya, karanta layukan ƙarshe, yawanci sunan abin da ya rasa yana nan ƙarara.

make shi ne ainihin harhaɗawar. In ka rubuta make -j4 zai yi aiki huɗu a lokaci guda, ya fi sauri. In wuta ta ɗauke ana tsaka da yi, sake rubuta make, zai ci gaba daga inda ya tsaya. In ya fara kawo shirme, yi make clean ka faro daga farko.

sudo make install yana zuba kayan a /usr/local, nesa da waɗanda apt ya ajiye.

sudo ldconfig yana sanar da Ubuntu cewa sabon laburare ya iso. In ka tsallake shi, za ta ce ba ta ga fayil ɗin ba alhali yana nan.

Da ka gama, jona wayar, mai ita ya buɗe ta ya danna amincewa, ka rubuta ideviceinfo. In bayanan wayar suka zubo, aiki ya yi kyau.

Sai a yi hattara da abu uku. Duk abin da ka ba sudo ka miƙa masa makullin gidan gaba ɗaya, don haka kar ka harhaɗa rubutun da wani ya turo maka a WhatsApp. Sannan abin da ka harhaɗa da hannunka apt ba ya sabunta shi, kai za ka riƙa bibiya. Kar kuma ka goge foldar, a cikinta za ka yi sudo make uninstall ranar da kake son cirewa.

Na uku, wannan laburare ba ya buɗe makullin iCloud. Wanda ya kawo maka wayar da bai san lambar sirrinta ba, ka ba shi haƙuri ya kama gabansa. Mu baƙi ne a nan, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. Hotuna da saƙonnin kwastoma da ka kwafe kuwa amana ce, in ka mayar masa ka goge naka.

Wanda bai taɓa yi ba, ya fara gwadawa da wayarsa kafin ta mutane. Allah Ya sa albarka a nema.