Sanyin Gwiwar Ɗaliban Jami'a: Musabbabinsa da Illolinsa

Duk wanda ya zauna da ɗaliban jami'o'inmu a 'yan shekarun nan, ko a Zariya ko a Kano ko a Sakkwato, ya kuma saurare su da kunnen basira, lalle zai tarar da al'amarin da ya fi faɗuwa jarrabawa muni, wato da yawa daga cikin waɗanda karatu ya yi wa nauyi sun daina gaskata cewa akwai fa'ida a ƙarshensa. Suna zuwa lacca, suna sa hannu a takardar halarta, amma in ka tambayi ɗayansu sai ya ce maka shi dai kwali yake nema ya huta. Manya sukan kira wannan lalaci, alhali kuwa in an yi wa mas'alar adalci za a ga yana da asali.

Asalin farko alkawari ne da ya warware. Sa'ad da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Gwamnatin Jihar Arewa tana cikin tsananin bukatar 'yan ƙasa da za su gaji kujerun Turawa, har ya zamana wanda ya gama karatu aiki ne yake jiransa, sau da yawa har da gida da rancen mota. Da wannan hujja aka rinjayi iyaye masu ɗari-ɗari da boko, kuma a kanta aka tarbiyyantar da 'ya'ya da jikoki, har ilmin zamani ya zauna a zukata a matsayin hanyar aikin gwamnati kawai. To, ɗalibin yau yana ganin wansa ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, ya dawo yana zaune a rumfar POS ko yana tuƙa A Daidaita Sahu; da wace hujja za a tashe shi karatun dare, alhali hujja ɗaya tak da aka taɓa ba shi ta faɗi a gaban idonsa?

Sai kuma yajin aikin malamai. Na 2020 ya ci kimanin wata tara, na 2022 kuwa ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Koke-koken ƙungiyarsu ta ASUU game da albashi da lalacewar kayan aiki suna da tushe, ban musa ba, amma hasarar a kan ɗalibi ta sauka, domin wanda ya yi wata takwas a gida ya riga ya shiga kasuwa ko ya koyi gyaran waya, ya ɗanɗana kuɗin guminsa, sai ya koma makaranta da rabin zuciya, ya tarar an matse zangon karatu ana gaggawar jarrabawa. Ga shekaru suna tafiya, kuma wanda ya haura talatin kafin ya gama ba ya zuwa bautar ƙasa.

A kan wannan kuma aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da abinci suka tashi, jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rajista. Asusun NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024 yana ba da rance marar ruwa da Naira 20,000 ta ɗawainiya kowane wata, haƙiƙa ya tsare waɗansu daga barin karatu, sai dai bai kai ga ciyar da mutum wata guda ba.

Amma sababin da ya fi damuna, kuma aka fi yin shiru a kansa, shi ne kaɗaici. Yaro ya fito daga sakandaren gwamnati da Turanci mai rauni, an ba shi fannin da ba shi ya nema ba, ya shiga zauren lacca tare da ɗaruruwa inda na baya ba ya jin muryar malami, ga kunya ta hana shi ɗaga hannu kada a yi wa lafazinsa dariya. In ya faɗi darasi ɗaya ko biyu babu wanda zai kira shi ya tambayi dalili, sai dai ya ga lambarsa a allon sanarwa. Irin wannan ɗalibi, domin ya kare mutuncinsa a wurin kansa, yakan gwammace ya ce boko yaudara ce da ya ce ya kasa.

Illolin ba ɓoyayyu ba ne: haddar takardun malami ba tare da fahimta ba, satar amsa, da barin karatu a aji biyu ko uku, musamman ga 'yan mata, waɗanda iyaye kan ga aure ya fi musu jiran abin da ba a san ranar ƙarewarsa ba. Mafi hatsari shi ne wanda ya fita da kwali babu ilmi, domin sau da yawa shi ne zai koma firamare ko sakandare ya koyar, sai raunin ya zama gado.

Saboda haka nasiha daga kan mumbari ba za ta wadatar ba, ko da yake tana da nata muhallin. A makarantun zaure na birnin Kano da Zariya magidanta suna ɗaukar shekaru suna karanta littattafan addini irin su Risala ko Muhtasar babu albashin da aka yi musu alkawari, kuma abin da yake riƙe su, bayan neman lada, shi ne malam ya san kowa da sunansa da inda ya tsaya jiya, ɗalibi kuma yana ganin amfanin abin da ya koya a ranar da ya koye shi. Jami'a ba za ta koma zaure ba, amma tana iya ɗaukar waɗannan biyun: a rage wa malamin da aka ɗora wa kula da kowane aji sauran ayyuka domin ya nemi duk wanda ya faɗi tun a zangon farko, a haɗa masu rauni da na gaba da su a ƙananan rukunai inda ba laifi a yi bayani da Hausa, a kuma sa ɗalibin lissafin kuɗi ya riƙe littafin shagon mahaifinsa, na aikin gona ya gwada ƙasar gonarsu, tun suna aji biyu.