Baƙin tsuntsayen kaka a Tsohon Birnin Gwari: abin da ya kamata ku sani

Kowa a Tsohon Birnin Gwari ya san shamuwa: in ta zo a gyara garma, kafin a gama yankan dawa kuma ta yi kudu. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, tana fita wasu baƙi na shigowa. Daga Satumba zuwa Nuwamba ƙananan tsuntsaye masu gudun sanyin Turai suke sauka a gonakinmu da fadamu. Wasunsu ba su wuce giram 10 ba, amma sun keto Sahara, tafiyar fiye da kilomita 1,500, guzurinsu kitsen jikinsu kawai. Galibi da dare suke tafiya, in rana ta take su laɓe a inuwa.

Wanda za ku fara gani wani siriri ne mai rawayan ciki. Yana bin sawun shanu yana kaɗa jela sama da ƙasa, yana cafke ƙwarin da kofato ya tayar. Akwai kuma wani ɗan ƙasa-ƙasa mai farar gira, mai son hawa karan da aka bari tsaye a gona. Zai diro ya tsinci ƙwaro, ya sake komawa kan kara.

A cikin ayarin akan sami ɓatacce. Yawanci ɗan bana ne, wannan ce tafiyarsa ta fari, ba uwa ba uba a gaba; iska ta karkatar da shi ko ya zarce masauki, sai ga shi inda ba a san irinsa ba. Shi masu kallon tsuntsaye suke fako a ƙarshen kaka. Sai dai a yi hattara, ba duk baƙuwar fuska ce baƙo ba. Mulufi da zalaidu suna nan ba su je ko'ina ba. Damina na wucewa namijin mulufi ke tuɓe jar rigarsa, zalaidu ya zubar da doguwar jelarsa, su koma kamar matansu.

Dajin Kamuku da ke maƙwabtaka da mu, wanda aka keɓe tun 1936 ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, an lissafa tsuntsaye iri 177 a cikinsa, har da burtu da tuje. Shekarun rashin tsaro sun hana masu bincike zuwa, kuma ban ba kowa shawarar kutsawa daji don tsuntsu ba. Bakin gari ya isa, da sassafe, kusa da ruwa. Manomi da makiyayi sun fi kowa damar gani.

Roƙona ɗaya ne. In yaro ya harbo tsuntsu da danƙo aka ga zoben ƙarfe a ƙafarsa, kada a jefar. Rubutun da ke jiki yana nuna ƙasar da aka sa masa. A ɗauki hoto da waya, a rubuta rana da wuri, a aika wa cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos. Yaron kuma a zaunar da shi a faɗa masa daga inda tsuntsun ya taso.