Sayar da gida a Amurka: Kwalliya ko gyara?

A Amurka, mai shirin sayar da gida kan zaɓi ɗayan biyu: ya yi masa kwalliya, ko ya zuba kuɗi wajen gyara.

Kwalliyar, wadda Barb Schwarz ta yayata tun shekarun 1970, ta ƙunshi kwashe tarkace da yin fenti da hayar kujeru domin jan hankalin masu saye.

Sabunta ɗakin girki kuwa yakan lashe maƙudan kuɗi, kuma ba kasafai kuɗin ke dawowa duka ba.

Sai dai fenti ba ya ɓoye rufin da ke yoyo. Masu saye kan turo ƙwararre ya duba gidan, kuma a jihohi da dama doka ta wajabta wa mai gida bayyana aibin da ya sani. Idan ya ɓoye, ana iya maka shi a kotu.