Waƙoƙin Kirsimeti na 'yan bayan fage: Faifayen da ba a sa wa a kantuna

Duk wanda ya taɓa yin watan Disamba a Landan ko Niyok ya san cewa tun kafin watan ya kama, manyan kantuna da gidajen rediyo sukan koma kan wasu waƙoƙi 'yan ƙalilan, su yi ta juya su safe da yamma. Daga waƙar da ƙungiyar Slade ta fitar a 1973, sai ta Wham! ta 1984, sai kuma ta Mariah Carey ta 1994. Mai sayayya yakan ji su na 'yan mintoci ya fice. Wanda abin ya dama shi ne ma'aikacin da ke tsaye a bayan kanta ko mai gadin ƙofa, wanda zai sha su sau da dama a yini har ƙarshen shekara, kuma da yawa daga cikin masu irin wannan aiki baƙi ne da suka baro iyalansu a wata ƙasa.

To sai dai akwai wasu waƙoƙin na wannan lokaci waɗanda ba kasafai ake sa su a kantuna ba. Mawaƙan da suka yi su su ne waɗanda za a iya kira 'yan bayan fage a kiɗan rok, watau ƙungiyoyin da suka taso a ƙananan kamfanonin faifai da gidajen rediyon jami'o'i a shekarun 1980, kafin kasuwa ta buɗe musu a farkon shekarun 1990. Abin da ya bambanta waƙoƙinsu shi ne, sun amince cewa Disamba wata ne na sanyi da bashi da kaɗaici, kamar yadda yake na biki.

Wadda ta fi shahara a cikinsu, har ma ta kusa fita daga sahun na bayan fage, ita ce "Fairytale of New York" ta ƙungiyar The Pogues, wadda ta fito a watan Nuwamban 1987. Shane MacGowan da Jem Finer suka shafe kimanin shekara biyu suna gyara ta. Labarin wani mutumin Ailan ne da ya tafi ci-rani Amurka, daren jajiberin Kirsimeti ya same shi a ɗakin da 'yan sanda ke tsare mashaya, yana tuna wata mace da suka shigo birnin tare da dogon buri. Daga nan sai muryar matar ta shigo, su yi ta musayar baƙaƙen maganganu, kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifin lalacewar rayuwarsa. Kirsty MacColl ce ta rera ɓangaren matar, kuma mijinta na lokacin, Steve Lillywhite, shi ne ya haɗa faifan. Waƙar ta zo ta ɗaya a Ailan, amma a Birtaniya ta tsaya a ta biyu, bayan wata waƙa ta Pet Shop Boys.

Ba waƙar da za a sa a gaban yara ba ce, domin akwai ashar a cikinta, kuma an daɗe ana taƙaddama a kan wasu kalmominta, har tashar Radio 1 ta BBC ta koma sa wadda aka tace a 2020. Amma duk wanda ya san abin da ake nufi da barin gida da niyyar komawa da arziki, shekaru su yi ta wucewa, zai gane abin da mutanen biyu ke faɗa ko da Turancinsa bai nuna ba. Kirsty MacColl ta rasu a watan Disamban 2000, lokacin da wani jirgin ruwa ya buge ta tana iyo a gaɓar tekun Meziko. Shi kuwa MacGowan, wanda aka haifa ranar Kirsimeti ta 1957, ya mutu ran 30 ga Nuwamban 2023, kuma a wajen jana'izarsa a garin Nenagh an rera wannan waƙa a cikin coci har wasu suka tashi suka taka rawa.

Shekara goma kafin ta, a 1977, ƙungiyar The Kinks ta riga ta share fage da "Father Christmas", inda yaran talakawa suka far wa mutumin da aka sa wa jajayen kaya yana raba kyauta a ƙofar kanti, suka ce kuɗi suke so, kuma a nema wa ubansu aiki. Sai "Christmas Wrapping" ta The Waitresses, ta 1981, labarin wata budurwa da gajiya ta sa ta yanke shawarar yin bikin ita kaɗai. A 1983 kuma ƙungiyar XTC ta ɓoye sunanta ta fitar da "Thanks for Christmas" da sunan The Three Wise Men.

Faifayen da suka fi wuyar samu kuwa, ba a taɓa kai su kasuwa ba tun asali. Al'ada ce da ƙungiyar Beatles ta yi daga 1963 zuwa 1969, ta aika wa 'yan ƙungiyar magoya bayanta ƙaramin faifai ta gidan waya a ƙarshen kowace shekara. R.E.M., 'yan garin Athens na jihar Jojiya, suka farfaɗo da ita a 1988, suka kuma ci gaba har 2011, shekarar da suka watse. A irin waɗannan faifaye mawaƙi yakan saki jiki, tun da ba ya neman ciniki: wani lokaci tsohuwar waƙar biki ce aka yi mata kiɗan wasa, wani lokaci waƙar wata ƙungiya ce da suke girmamawa. Ba duka ne ke da daɗi ba, gaskiya, kuma wasu sai mai tsananin son ƙungiyar ne zai saurara sau biyu.

Ƙungiyar Pearl Jam ta birnin Seattle ta bi sahu a 1991 da "Let Me Sleep", waƙa mai sanyi wadda ba ta yi kama da rugugin gitar da aka san su da shi ba. Amma abin mamaki ya faru ne da faifan 1998. Mawaƙinsu Eddie Vedder ya tsinci wani tsohon faifai a shagon sayar da tsoffin kaya, na wata waƙa mai suna "Last Kiss" da ta yi tashe a 1964, labarin saurayin da budurwarsa ta mutu a haɗarin mota. Suka ɗauke ta a lokacin gwajin na'urori kafin wani wasa, suka aika wa magoya baya a matsayin tsarabar ƙarshen shekara. Gidajen rediyo suka samu kofi suka fara sawa, masu saurare suka yi ta nema, har dole aka fitar da ita kasuwa a 1999. Ta kai matsayi na biyu a jadawalin Billboard na Amurka, matsayin da babu wata waƙarsu da ta taɓa kaiwa, kuma kuɗin da aka samu an ba da shi ga 'yan gudun hijirar yaƙin Kosobo. Duka waƙoƙin biyu suna cikin tarin "Lost Dogs" na 2003, saboda haka ba sai an nemi ainihin faifan ba.

In da za a ce a zaɓi faifai guda a saurara daga farko har ƙarshe, to na ƙungiyar Low ne, mai suna "Christmas", na 1999. Mata da miji ne ginshiƙin ƙungiyar, Mimi Parker da Alan Sparhawk, mazauna Duluth a jihar Minesota, inda hunturu ke da tsanani. An san su da kiɗa a hankali ƙwarai, kamar mai tafiya cikin dusar ƙanƙara. Waƙoƙi takwas ne a faifan. Ta farko, "Just Like Christmas", labarin tafiyarsu ce a mota daga Stockholm zuwa Oslo, kuma ita kaɗai ce mai sauri a ciki. Ya kamata mai saurare ya sani cewa su biyun masu riƙo da addininsu ne, mabiya ɗariƙar Mormon, don haka wasu waƙoƙin na ibadar Kirista ne kai tsaye, saɓanin sauran da aka ambata a baya, waɗanda zancen duniya ne kawai. Mimi Parker ta rasu a watan Nuwamban 2022 bayan fama da cutar daji.

Haka nan Sufjan Stevens, wanda ya fara ɗaukar waƙoƙin biki a 2001 yana raba wa dangi da abokai. Da aka tattara su a 2006 sun kai 42, sa'an nan ya ƙara 58 a 2012, suka cika ɗari. Yawan ya yi yawa, kuma mai haƙuri ne zai tsince masu kyau. Wanda ba shi da wannan lokaci sai ya nemi "Snow" na Cocteau Twins, 'yan Sikotlan, waƙoƙi biyu kacal da suka fitar a Disamban 1993 a kofi kaɗan.

Sau ɗaya 'yan bayan fage suka ƙwace fagen gaba ɗaya. Shekara huɗu a jere, daga 2005, wanda ya ci gasar talabijin ta X Factor shi ke zuwa na ɗaya a Birtaniya a makon Kirsimeti. A 2009 wasu mata da miji suka buɗe shafi a Facebook suna kira ga jama'a su sayi "Killing in the Name" ta Rage Against the Machine, waƙar 1992 mai zafi a kan wariyar launin fata da zaluncin 'yan sanda, wadda babu abin da ya haɗa ta da biki, kuma cike take da ashar. An sayi fiye da kofi dubu 500 a mako guda ta intanet, ta doke Joe McElderry na X Factor. Ƙungiyar ta ba da ribar ga Shelter, mai taimaka wa marasa matsuguni, sa'an nan ta cika alkawarin da ta ɗauka, ta zo ta yi wasa kyauta a filin Finsbury Park na Landan a watan Yunin 2010.